Zaɓi ko Alhaki? Tarken Ra'ayoyin Manazarta a Kan Wasan Bidiyo na Until Dawn

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2005, Roger Ebert, shahararren mai sharhin finafinai na ƙasar Amurka, ya bayyana cewa wasan bidiyo ba zai kai matsayin fim ko rubutaccen adabi ba. Hujjarsa ita ce wasa yana buƙatar mai yin sa ya riƙa zaɓi, alhali kuwa adabi na ƙwarai yana buƙatar ragama ta tsaya a hannun mawallafi. Ya sake jaddada wannan matsayi a shekarar 2010. Wannan magana ta shafi masu nazarin harshe da adabi kai tsaye, domin tambayar da ke ƙarƙashinta tsohuwa ce: tsakanin mai bayar da labari da mai saurare, wane ne mai labarin?

Wannan maƙala za ta dubi wasan Until Dawn, wanda ma'anar sunansa ita ce "har wayewar gari", domin auna manyan ra'ayoyi guda biyu da suka yi fice game da shi. Ra'ayi na farko yana yabon wasan saboda 'yancin da ya bai wa mai wasa, na biyu kuwa yana ganin wannan 'yanci yaudara ce kurum. Matsayin maƙalar shi ne, duka ɓangarorin sun auna zaɓi da ma'aunin da bai dace ba. Aikin zaɓi a cikin wannan wasa shi ne ɗora wa mai wasa alhakin abin da ya auku, kuma da wannan ma'auni ne ya kamata a gane inda wasan ya yi nasara da inda ya gaza.

2.0 Tarihin Wasan da Taƙaitaccen Labarinsa

Kamfanin Supermassive Games da ke garin Guildford a Ingila ne ya shirya wasan, kamfanin Sony kuma ya fitar da shi a watan Agusta na 2015 a kan na'urar PlayStation 4. Larry Fessenden da Graham Reznick, waɗanda suka ƙware a finafinan ban tsoro, su suka rubuta labarin. An ɗauki kamanni da muryoyin 'yan wasan kwaikwayo na gaske, cikinsu har da Hayden Panettiere da Rami Malek da Peter Stormare. A 2016 wasan ya sami lambar yabo ta BAFTA a rukunin sabuwar ƙirƙira. An sake gina shi a 2024, aka kuma yi fim mai wannan suna a 2025, amma nazarin nan ya taƙaita ne ga fitowar farko.

Labarin ya auku ne a wani gidan hutu da ke kan tsaunin Blackwood a lardin Alberta na ƙasar Kanada. Wasu matasa sun yi wa ƙawarsu Hannah wasan wulaƙanci, ta fita a guje cikin dusar ƙanƙara da dare, 'yar tagwaicinta Beth ta bi ta, daga nan ba a sake ganin su ba. Bayan shekara guda, yayansu Josh ya sake gayyatar abokan zuwa gidan. Su takwas ne: Sam da Mike da Jessica da Emily da Matt da Ashley da Chris da kuma shi Josh. A kashin farko na labarin wani mutum mai rufe fuska ne ke farautar su, wanda daga baya aka gane Josh ne yake ɗaukar fansa ta hanyar firgitarwa. A kashi na biyu sai ainihin haɗarin ya bayyana, wato wasu dodanni masu cin naman mutum da ake kira wendigo, waɗanda asalinsu masu haƙar ma'adinai ne da rami ya rufta da su a 1952. Mai wasa yana sarrafa taurarin takwas bi da bi a cikin babi 10.

3.0 Ra'ayin Masu Yabo

Masu yabon wasan sun dogara da tsarin da mawallafansa suka raɗa wa sunan tasirin fiffiken malam-buɗe-littafi, kalmar da ta yaɗu daga laccar da masanin yanayi Edward Lorenz ya gabatar a 1972, inda ya nuna cewa ƙaramin sauyi a farkon al'amari kan haifar da babban bambanci a ƙarshensa. A cikin wasan, kowane ɗaya daga cikin taurarin takwas yana iya kaiwa safiya da ransa, yana kuma iya mutuwa. Idan aka lissafa wannan, ana samun haɗi 256, kuma wannan adadi ne ake yawan kafa hujja da shi. Har ila yau, wasan yana adana kowane zaɓi nan take, ta yadda babu halin komawa baya a gyara kuskure.

Akwai gaskiya a cikin wannan ra'ayi. Espen Aarseth, masani ɗan ƙasar Norway, ya yi bayani a littafinsa Cybertext na 1997 a kan nau'in matanin da ba ya warwaruwa sai mai karatu ya yi aiki na zahiri a kansa, kuma Until Dawn ya shiga wannan rukuni. Sai dai adadin 256 ƙidayar gawa ce, ba ƙidayar labarai ba. Wanda ya yi wasan sau biyu zai tarar da cewa zaren labarin guda ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe.

4.0 Ra'ayin Masu Suka

A nan ne masu suka suka sami abin kamawa, kuma misalansu ba su da wuyar tabbatarwa. Tun a mabuɗin wasan, lokacin da tagwayen ke reto a bakin gwalalo, ana tambayar mai wasa ko Beth ta saki Hannah ta tsira, ko kuwa ta saki abin da take riƙe da shi. Kowanne aka zaɓa, su biyun sai sun faɗa. Haka kuma lokacin da aka tilasta wa Chris ya zaɓi wanda zarto zai yanka tsakanin Ashley da Josh, zarton kan Josh yake nufa ko yaya aka yi, domin shi ya kitsa abin tun asali. Sam da Mike ba sa mutuwa sai a babi na ƙarshe, komai sakacin mai wasa. Tambayoyin da likitan ƙwaƙwalwa Dakta Hill ke yi tsakanin babi da babi, game da abin da mutum ya fi tsoro, ba sa sauya komai sai 'yan kayan da ake gani a wasu wurare. Daga ƙarshe kuma gidan yana ƙonewa, jirgin ceto yana isowa da asuba.

Bisa ga wannan, masu suka suna ganin cewa fim ne aka yi wa ado da maɓallai. Abin lura shi ne, wannan suka ta mayar da maganar Ebert kanta a ƙasa: shi ya ce wasa ya gaza ne saboda mawallafi ya saki ragama, su kuma suna cewa wannan wasa ya gaza ne saboda mawallafi ya ƙi sakin ta. Duka biyun sun ɗauka cewa amfanin zaɓi shi ne sauya alƙiblar labari.

5.0 Zaɓi a Matsayin Ɗora Alhaki

Misalai uku daga cikin wasan za su nuna cewa zaɓi yana da wani aiki daban. Na farko shi ne inda aka ɗaure Chris da Ashley a kan kujeru, aka bai wa Chris bindiga, aka ce ya harbi kansa ko ya harbe ta. Harsashin na ƙarya ne, don haka babu wanda ya mutu, kuma mai ƙidayar rassan labari zai ce zaɓin banza ne. Amma idan Chris ya ja kunama a kan Ashley, to can gaba, sa'ad da dodo ya biyo shi har bakin ƙofa, za ta tsaya tana kallonsa ta ƙi buɗewa. Harsashin bai kashe kowa ba, niyyar ce ta yi kisa, kuma niyyar ta mai riƙe da linzamin wasan ce.

Na biyu shi ne lokacin da aka ga cizon dodo a jikin Emily, tsoro ya kama sauran cewa za ta rikiɗe, Mike ya ɗaga mata bindiga. Idan mai wasa ya harba, jim kaɗan sai a karanta a cikin littafin wani mafarauci cewa cizon ba ya rikiɗar da kowa. Jeranta waɗannan abubuwa biyu aikin mawallafi ne tsantsa: ya ajiye sani a bayan hukunci da gangan, domin "da na sani" ta zo a inda ta saba zuwa, wato a ƙeya.

Na uku shi ne wuraren da ake umurtar mai wasa da kada ya motsa. Dodannin ba sa ganin abin da ke tsaye cik, linzamin wasan kuwa yana jin duk wata girgiza. Idan hannun mai wasa ya yi rawa, tauraro na iya halaka. A fim mai kallo yana iya rufe ido ko ya zabura ba tare da ya cutar da kowa ba, amma a nan tsoronsa na zahiri ya shiga cikin matanin.

Manazarta adabin baka za su tuna da labaran nan da ke ƙarewa da tambaya, inda mai bayarwa kan ce wa masu saurare su faɗi wanda ya fi cancanta ko wanda ya fi laifi. Akwai irinsu a Hausa, kuma William Bascom ya tattara na Afirka da dama a 1975. Babu wanda ya taɓa kushe irin wannan labari don hukuncin mai saurare bai sauya abin da ya riga ya faru ba, domin manufarsa ita ce ya fito da halin mai yanke hukuncin. Bambancin shi ne, a dandali ana yin hukunci bayan labari ya ƙare, cikin natsuwa da musayar ra'ayi, a wasan kuwa ana yin sa a tsakiyar labari, cikin 'yan daƙiƙoƙi, sannan a zauna da sakamakonsa. Tambayoyin da 'yan sanda ke yi wa waɗanda suka tsira a ƙarshen wasan sun tabbatar da haka, domin abin da suke faɗa shaida ce a kan abin da mai wasa ya aikata.

6.0 Inda Wasan Ya Gaza

Wannan ma'auni bai wanke wasan gaba ɗaya ba. Alhaki ba ya hawa kan mutum sai idan akwai hanyar da zai iya hango sakamako. Ashley tana mutuwa idan ta bi muryar Jessica ta buɗe murfin wani rami, amma an riga an sanar cewa dodannin suna kwaikwayon muryar mutane, don haka laifin na mai wasa ne. Al'amarin Matt ya sha bamban. Tsirarsa a cikin ramin ma'adinai tana iya rataya a kan bindigar harba wutar neman agaji, kuma ko zai adana ta ko zai harba ta a banza ya danganta ne da ko ya goyi bayan Emily a wata muhawara da suka yi tun da farko. Babu mai hankalin da zai haɗa waɗannan biyu. Mai wasan da ya rasa Matt ta wannan hanya ba nadama yake ji ba, ji yake an yi masa rashin adalci.

Gazawa ta biyu ta fi nauyi, ita ce ta Josh. Wasan ya nuna cewa yana fama da taɓin hankali, har ma zaman da ake gani da Dakta Hill a cikin ƙwaƙwalwarsa kawai yake faruwa, kuma bai kashe kowa ba. Duk da haka, a fitowar 2015 makomarsa biyu ce rak: ko dodo ya murƙushe kansa, ko shi ma ya zama dodo. Mai wasa yana iya ceton duk waɗanda suka wulaƙanta Hannah, amma ba shi da ikon ceton ɗan'uwanta da ciwon ya fi ci. A nan mawallafan sun yanke hukunci da kansu a daidai wurin da ya fi kamata su miƙa shi.

Ta uku ta shafi wendigo. A wurin al'ummun da ke magana da harsunan dangin Algonkiya, irin su Cree da Ojibwe, wendigo yana da alaƙa da yunwar hunturu da haɗama da keta haddin zumunci. Wasan ya ambaci Cree, amma ba a ga al'ummar a cikinsa, sai sunanta da kayan da aka jingina mata. Gumakan da ke haska wa mai wasa abin da zai faru ma, an fi sanin irin sassaƙarsu da al'ummun gaɓar tekun Pasifik. Fiye da haka, zaɓi mafi girma a labarin shi ne na Hannah, wadda ta rayu bayan faɗuwar, yunwa ta sa ta ci gawar 'yar'uwarta, ta rikiɗe. Wannan tsaka mai wuya, wadda ita ce zuciyar al'adar da aka aro, an bar ta a 'yan shafukan da ake tsinta a cikin rami, wendigo kuwa ya koma abin gudu kawai.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ragamar Until Dawn tana hannun mawallafansa, kamar yadda masu suka suka faɗa, amma wannan bai mayar da zaɓin mai wasa banza ba. Mawallafan sun riƙe jigo da zubi, suka bar wa mai wasa nauyin laifi, kuma wannan rabon aiki shi ne abin da wasan ya ƙara a kan finafinan da ya gada. Ya yi nasara a al'amarin Chris da na Emily, ya yi tuntuɓe a na Matt da na Josh da na Hannah. Ga masu nazarin adabi, abin da ya dace a tambaya game da irin wannan matani shi ne, idan tauraro ya mutu, shin mai wasa yana da hujjar ɗora wa kansa laifin, ko kuwa laifin na marubuci ne.