Da Me Za Mu Auna Laburaren Jami'a?

A watan Satumba na 2021, gwamnatin Jihar Katsina ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar 'yan bindiga. Dutsin-Ma da Kurfi suna cikinsu, kuma sai da aka kwashe watanni kafin a maido da sabis. An yi ta maganar halin da 'yan kasuwa da masu tura kuɗi ta waya suka shiga, amma ba a cika tuna masu bincike ba, alhali Dutsin-Ma gari ne mai manyan makarantu biyu: Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Duk ɗalibi ko malamin da ya dogara da datar wayarsa wajen neman maƙala, a lokacin nan ya wayi gari ba shi da komai sai abin da ya riga ya sauke, da abin da ke jere a kantar laburare.

Wannan lamari ya tono wata tambaya da ya kamata mu daɗe da yi: da me muke auna laburaren jami'a? A al'adar manyan makarantunmu, idan baƙo ya zo, ko tawagar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta zo tantance kwasa-kwasai, abin da ake nunawa shi ne gini, da yawan littattafai, da yawan kujeru, da layin kwamfutoci, da jerin sunayen rumbunan bayanai da aka yi wa rajista. Duk waɗannan suna da amfani. Sai dai babu ko ɗaya a cikinsu da ke amsa tambayar da ta fi damun ɗalibi: takardar da nake buƙata, ta iso hannuna kuwa, kuma kwana nawa ta ɗauka?

Aiki biyu ne

Abin da laburare ke yi wa mai bincike ya kasu gida biyu. Na farko, ya sanar da kai cewa akwai wani rubutu a kan abin da kake nema. Na biyu, ya sa rubutun a hannunka. Ganowa ke nan, da samu.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Tun zamanin su Ɗan Masani da Ɗan Marina, a ƙarni na 17, malamin zaure yake yin aikin nan guda biyu. Shi zai gaya wa almajiri littafin da ya kamata ya shiga bayan wanda ya sauke, shi ne kuma ya san gidan da kwafin yake a cikin gari, ya haɗa shi da mai shi ya ara ya kwafa. Malamin da ya tara littattafai cike da ɗaki amma ba ya nuna hanya, ba shi ake zuwa ɗaukar karatu wurinsa ba.

Ganowa: inda aka fi barin ɗalibi shi kaɗai

A ɗauka wata ɗaliba ce a sashen nazarin halittu, tana son yin aikinta na kammala digiri a kan cutar tsargiya tsakanin yaran ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe. Ta buɗe Google ta rubuta "tsargiya", ba za ta ga abin kirki ba, domin mujallun kimiyya ba da wannan suna suka san cutar ba. Wasu marubuta za su ce schistosomiasis, wasu bilharzia, wasu kuma sunan tsutsar da ke haddasa ta za su rubuta, Schistosoma haematobium. Sunan garin ma kansa iri uku ake rubuta shi: Dutsin-Ma, Dutsinma, Dutsin Ma. Wanda ya nemi ɗaya kaɗai, zai iya rasa abin da aka rubuta da sauran biyun. Haka abin yake ga ɗalibin aikin gona da ke neman maganin ƙuduji a gonar gero: sai ya san cewa Striga hermonthica ake kiran ciyawar kafin ƙofa ta buɗe masa.

To, wannan matsala tana da magani, kuma ma'aikatan laburare ne suka haɗa shi tun da daɗewa. Manyan rumbunan bayanai suna da tsararrun kalmomi da ke tara duk sunayen abu ɗaya a ƙarƙashin inuwa guda. PubMed, wanda laburaren kiwon lafiya na ƙasar Amurka ke gudanarwa kuma kowa ke iya bincikawa kyauta, yana da nasa mai suna MeSH. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da AGROVOC. Akwai kuma 'yan dabaru na haɗa kalmomi: ka sa OR tsakanin sunaye masu ma'ana ɗaya don ka faɗaɗa nema, ka sa AND tsakanin cuta da wuri don ka taƙaita shi. Abu ne da za a koya wa mutum cikin awa biyu, ya yi masa amfani har ƙarshen rayuwarsa.

A nan ne suka ta farko take. An daɗe ana koyar da darasin amfani da laburare a jami'o'inmu, amma a shekarar farko, cikin babban zaure, ga ɗaruruwan ɗalibai da ba su da wani bincike a gabansu tukuna. Su haddace ma'anar katalog, su rubuta jarrabawa, su manta. Sai a shekarar ƙarshe buƙatar ke tasowa, lokacin kuwa babu mai waiwayarsu. Darasin yana zuwa ne shekara uku kafin yunwarsa. Da za a ɗauki rabin lokacin a mai da shi ajin ƙarshe da farkon digiri na biyu, a zauna da ɗalibai rukuni-rukuni, kowa da taken aikinsa a hannu, da an ga bambanci.

Abin ya ƙara zama dole yanzu da ɗalibai suka koma tambayar manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT. Sanannen abu ne cewa sukan ƙago sunan maƙala da marubuci da shekara, su jera su tsaf, alhali babu su a duniya. Ga kuma mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tacewar masana ba. Wani ma'aikacin laburare ne a Jami'ar Kolorado, Jeffrey Beall, ya shahara da tona asirinsu, har ya rufe jerin da yake wallafawa a 2017. Rarrabe tsaba da tsakuwa a irin wannan kasuwa sai da wanda ya san hanya.

Samu: katangar kuɗi da ƙofofin da ba a sani ba

To, an gano maƙala. Ana danna ta sai kamfanin da ya buga ya ce a biya. Sau da yawa kuɗin maƙala ɗaya yana kaiwa dala 30 zuwa 40. Tun bayan da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Lissafa da kanka, mai karatu: dala 40 ta kama kusan naira 60,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Maƙala guda, kusan albashin wata. Mai digiri na biyu kuwa yana buƙatar gommai.

Shi ya sa da yawa suka koma Sci-Hub, shafin da Alexandra Elbakyan 'yar ƙasar Kazakistan ta buɗe a 2011, wanda ke raba maƙalu ba da izinin masu haƙƙin bugawa ba, kotuna kuma suka yanke hukunci a kansa a Amurka. Ko me mutum zai ce game da halaccinsa, akwai darasi a cikin farin jininsa: akwati ɗaya ne, ka liƙa lambar maƙala, ta fito. Ƙofar halal kuwa sai ka san sunan rumbun, ka san wa ke riƙe da kalmar sirri, ka je ofishinsa a lokacin aiki, wani lokaci ma sai kana cikin harabar makaranta take buɗewa.

Abin takaicin shi ne ƙofofin halal ɗin suna nan, kuma suna da faɗi. Shirin Research4Life yana ba makarantun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta dubban mujallu kyauta ko a kan kuɗi kaɗan, gwargwadon rukunin da ƙasa ta faɗa. Hinari, ɓangarensa na lafiya, ya fara a 2002, AGORA na aikin gona a 2003, OARE na muhalli a 2006. DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin a 2003, jerin tantattun mujallu ne da ake karantawa kyauta. AJOL kuma, tun 1998 yake tattara mujallun Afirka wuri ɗaya, na Najeriya suna da yawa a ciki. Ga manhajar Unpaywall mai nemo kwafin halal na kyauta idan akwai. Ga tsohuwar hanyar aron takarda tsakanin laburare da laburare. Ga mafi sauƙi duka: ka rubuta wa marubucin wasiƙa ka roƙi kwafi, da yawansu murna suke yi.

Ɗalibi nawa ne aka zaunar aka nuna musu waɗannan? Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Asusun TETFund yana ware kuɗi musamman don bunƙasa laburare a manyan makarantun gwamnati, kuma an ga aikinsa a gine-gine da kayan aiki. Amma rajistar da aka biya, kalmar sirrinta na kulle a aljihun tebur, asara ce da ba ta bayyana a kowane rahoto. Kuma a yankin da tafiyar dare ke da haɗari, malamin makarantar da ke zaune a Kuki yana karatun ƙaro ilimi ba zai riƙa zuwa harabar jami'a kullum don ya buɗe maƙala ba. Manhajojin da ke ba ɗalibi damar shiga rumbunan makarantarsa daga gida sun daɗe a duniya. A wurinmu su ya kamata a fara saye kafin a ƙara layin kwamfuta.

Namu na gida fa?

Akwai wani nau'in bincike da babu kamfanin waje da zai sayar mana, domin mu ne muka yi shi. Kowace shekara ɗalibai suna auna ruwan Zobe, su ƙirga kifinsa, su gwada ƙasar gonakin Kurfi da Safana, su yi hira da manoman rani da makiyaya. A yi wa kundin bango mai kauri, a ajiye a kanta. Bayan shekara biyu wani ya zo ya sake yin aikin daga farko, domin bai san an yi ba.

Maganin wannan shi ne ma'ajiyar bincike ta makaranta a intanet, kuma manhajar da aka fi amfani da ita, DSpace, kyauta ce tun fitowarta a 2002. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tata mai suna Kubanni, inda mutum zai sauke kundayen digiri daga ko'ina. Mujallu irin su FUDMA Journal of Sciences su ma suna sa maƙalunsu a intanet. Wannan mataki ne mai kyau, saura a bi tsofaffin kundaye a ɗauki hotonsu, a ba kowanne bayanin da injin nema zai gane, har da sunayen garuruwa yadda ake rubuta su iri-iri.

Wasu malamai suna tsoron cewa sakin kundaye zai sauƙaƙa satar fasaha. Tsoron yana da dalili, amma a duba da kyau. Kundin da ke ɓoye a kanta shi ne mai daɗin sata, don wanda ya kwafe shi ya kai wata jami'a, babu mai kama shi. Wanda ke fili kuwa, manhajar gano kwafe za ta iya cin karo da shi.

Ranar da sabis ya ɗauke

Mu koma kan 2021. Darasin da ke ciki shi ne kada laburare ya jingina komai nasa a kan intanet. An ma taɓa warware wannan matsala, kuma Najeriya na cikin labarin. Cliff Missen, wani Ba'amurke da ya koyar a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, ya ga yadda rashin intanet mai ƙarfi ke hana karatu, daga nan aka samar da eGranary: miliyoyin takardu a cikin ma'ajiyar kwamfuta guda, a ajiye a makaranta, kowa ya karanta ba tare da data ba. Sunan ma daga rumbun hatsi aka aro shi. Jami'ar Cornell ita ma ta fitar da TEEAL a 1999, tarin mujallun aikin gona da ake karantawa ba intanet.

Manomin Kuki bai buƙatar a yi masa bayanin wannan hikima. Ba ya cewa tunda kasuwa na ci kowane mako, ba sai ya yi rumbu ba. Babbar kwamfuta ɗaya a laburare, da faranti mai amfani da hasken rana, da kwafin kundayen makaranta da littattafan da aka halatta rabawa kyauta, sun isa su riƙe ɗalibai ranar da hanya ta yanke.

Ma'aunin da ya kamata

A 1931 wani masanin laburare ɗan ƙasar Indiya, Ranganathan, ya sa tattalin lokacin mai karatu cikin ginshiƙan wannan sana'a. Ma'aunin har yanzu bai tsufa ba. Kowane laburare zai iya fara rubuta abu huɗu a ƙarshen zango: mutum nawa suka nemi takarda, nawa suka samu, cikin kwana nawa, kuma ɗaliban ajin ƙarshe nawa aka zauna da su a kan takensu. A liƙa sakamakon a bakin ƙofa. Ba ya cin ko kwabo, kuma zai nuna wa shugabanni inda ya kamata kuɗi ya tafi.

Laifin ba na ma'aikatan laburare ba ne su kaɗai. Da yawansu sun ƙware, amma an mai da su masu gadin kanta da karɓar jaka, mu malamai kuma ba ma tura musu ɗalibai. Kai kuma ɗalibi, kafin tsarin ya gyaru, ga abin da ke hannunka: rubuta takenka a takarda, ka shiga laburaren makarantarku, ka nemi mai kula da sashen bayanai na intanet, ka tambaye shi rumbunan da aka yi wa rajista da yadda ake shigarsu daga gida. Haƙƙinka ne, kuma matambayi ba ya ɓata.