Hannun Yaro Ne Ma'auni, Ba Fallen Katako Ba

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Mubi ba. Layin dogon da aka ja daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964, ya bar Adamawa a gefe. Na Kamaru kuma ya tsaya a Ngaundare. Abin da yaron Mubi ya buɗe ido ya gani shi ne tirelolin da ke lodin shanu a kasuwa suna nufar Kudu, su kuwa yake ƙerawa da karan dawa bayan kaka, ko da gwangwani da waya, ya yanki tsohon silifas ya yi tayoyi. Yanzu da ake samun jirgin wasa mai batir da guntun layinsa a kwali, wata tambaya ta biyo shi daga ƙasashen da suka ƙago shi: wane girman wuri za a tanadar wa yaro ya shimfiɗa layin? Amsar da Turawa suka saba bayarwa ba ta kai ta mai motar kara ba.

A wurinsu lissafin daga ƙarfe yake farawa. Tun da kamfanin Märklin na Jamus ya daidaita faɗin layukan wasa a 1891, Frank Hornby na Ingila kuma ya fito da nasa jiragen a 1920, girman abin wasan ya zama doka. A samfurin HO an rage jirgin gaske sau 87, tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 16.5 ne, kuma tarago ba ya shan kwana mai tsanani sai ya goce. Kafin layi ya zagayo ya haɗe da kansa, sai an ba shi faɗin kusan mita guda. Shi ya sa suka rungumi fallen katakon nan mai ƙafa 8 da ƙafa 4, wanda kowane kafinta ya sani, suka mai da shi teburin da ake kafe layi a kai. Ga inda gizo ke saƙar: ƙafa 4 santimita 122 ne, hannun ɗan shekara biyar kuwa da ƙyar ya kai rabin mita. In an jingina teburin da bango, ɓangaren da ke can nesa ya fita daga mulkin yaro, duk sa'ad da tarago ya faɗi a can sai an kira babba. Masu wannan sha'awa sun san matsalar, shi ya sa wasu ke huda rami a tsakiyar katakon, wasu su janye shi tsakiyar ɗaki don a zagaya shi. Duk gyara ne ga ma'aunin da aka ɗauka daga wurin da bai dace ba.

Mai motar kara daga jikinsa yake farawa. Yana tsugune yake share ƙasa, ya ja hanya da tafin hannu, ya ɗora ɓawon kara a kan ɗan rami ya kira shi gada. Babu wani lungu na garin da ya zana wanda hannunsa ko ƙafarsa ba ta kai ba, domin su ne suka zana shi. In abokai sun ƙaru hanya ta ƙaru, in an kira shi aike ya bar ta, gobe ya sake wata da ta fi ta jiya. Yanke shawarar inda hanya za ta bi shi ne rabin wasan, kuma shi ne abin da layin da aka buga wa ƙusa ke ƙwace wa yaro.

Za a ce jirgi mai batir ba motar kara ba ne: yashi na shiga haƙoran injinsa, ƙurar hunturu ta Mubi ba ta raga wa komai, layi kuma in bai kwanta daidai ba jirgi ba ya tafiya. Wannan gaskiya ne, amma abin da ya wajabta shi ne shimfiɗa madaidaiciya mai tsabta, ba teburi mai cinye kusan murabba'in mita 3 na ɗakin da ake kwana a cikinsa ba. Za a kuma ce kafaffen layi yana koyar da tsari da kiyaye awo. Wanda ya taɓa duba yadda yaro ke gwada kara biyu don gatarin motarsa kada ya karkace ya san awo ba baƙonsa ba ne. Bambancin kawai shi ne a nan shi ke aunawa, a can an auna masa.

Uban da zai je wurin kafinta, to, gara ya fara zaunar da yaron a ƙasa ya ga iyakar inda hannunsa ke kaiwa. In za a zagaya katakon ta kowane gefe, faɗinsa kada ya wuce ninkin wannan, wato kusan mita guda, wanda dama shi ne abin da da'irar layi ke bukata. A ajiye shi a ƙasa, kada a kafe layin, a yi shi yadda mutum ɗaya zai ɗaga ya jingina da bango idan za a shimfiɗa tabarmar cin abinci.