Sunayen Sinadarai Masu Ɗaurin Tarayya a Hausa: Sharhi kan Hanyoyin Fassararsu

1.0 Gabatarwa

Tun bayan da Tsarin Ilimi na Ƙasa na 1977 ya ba harshen uwa gurbi a farkon karatun firamare, masana suka duƙufa wajen ƙirƙiro keɓaɓɓun kalmomi. A fagen nazarin harshe da adabi an sami ƙamus ɗin da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990. Amma sunayen sinadarai, galibi kowane malami da ɗan jarida na fassara su ne yadda ya ga dama. Wannan maƙala za ta duba hanyoyi uku da ake bi, ta nuna cewa duk fassarar da ta zubar da lamba ta zubar da sunan gaba ɗaya.

2.0 Ƙirar Sunan

Ɗaurin tarayya shi ne inda ƙwayoyin zarra biyu suke haɗa hannu a kan ilektoron, ba tare da ɗaya ta sallama wa ɗaya ba. Gilbert Lewis ne ya bayyana wannan a 1916. Da yake sinadarai biyu na iya haɗuwa ta adadi daban-daban, dole sunan ya faɗi adadin. Shi ya sa ake amfani da ɗafa-goshi na Girkanci: mono- (1), di- (2), tri- (3), tetra- (4), penta- (5), sannan a liƙa ɗafa-ƙeya -ide a jikin sinadari na biyu. Wannan tunani na sa suna ya bayyana abin da ke ciki ya samo asali ne daga aikin Lavoisier da abokansa a Faransa a 1787, kuma ƙungiyar IUPAC, wadda aka kafa a 1919, ita ke kula da ƙa'idojinsa. Ke nan sunan ƙaramar jumla ce mai nahawunta.

3.0 Hanyoyin Fassara

3.1 Siffantawa. Akan ji "iska mai guba" ko "gurɓatacciyar iska" ko "iskar kabon". Waɗannan suna da daɗin ji, sai dai sun yi wa CO da CO₂ kuɗin goro. CO₂ ita ce ɗan'adam ke fitarwa in ya yi numfashi, tsirrai kuma da ita suke haɗa abincinsu. CO kuwa ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin fiye da sau 200. Ita ce ke kashe masu kwana da janareta ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Bambancinsu ƙwayar oksijin ɗaya ce tak, kuma ita ce fassarar ta haɗiye.

3.2 Aro. Wasu kan hausantar da sunan, su ce "kabon monoksayid" da "kabon dayoksayid". Amfanin wannan shi ne ɗalibi ba zai yi baƙunta ba ranar jarrabawa. Illarsa ita ce kunnen Bahaushe ba ya jin "ɗaya" a cikin "mono", ba ya jin "biyu" a cikin "dayo". Kalmar ta zama dunƙulalliya, sai hadda. Wanda ya haddace guda goma ba zai iya gina ta goma sha ɗaya ba.

3.3 Fassarar ƙira. Ta uku ita ce amfani da lambobin Hausa: "kabon mai oksijin ɗaya", "kabon mai oksijin biyu". A nan Hausa ta yi sa'a, domin lamba tana bin suna ne a baya, daidai da yadda ake rubuta CO₂, alhali sunan Ingilishi yana gabatar da lambar. To amma "mai" na da tarko. Idan aka zo ga N₂O₄, nahawu zai tilasta jam'i: "naitirojin biyu masu oksijin huɗu", wanda mai sauraro zai iya ɗauka kowace ɗaya na da huɗu, jimla takwas. In kuma aka sa "da", sai a ji kamar cakuɗe ne irin na gero da dawa, wanda ake iya tsincewa.

4.0 Mafita

Hausa na da harɗaɗɗun kalmomi irin su "fasa-ƙwauri" da "faɗi-ka-mutu", inda kalmomi da dama suke zama suna guda. A bisa wannan ƙira ana iya cewa "naitirojin-biyu-oksijin-huɗu", a kuma bambanta NO₂, "naitirojin-oksijin-biyu", iska mai ruwan ƙasa mai cutar da huhu, da N₂O, "naitirojin-biyu-oksijin-ɗaya", wadda likitoci ke amfani da ita wajen gusar da zafi. Sharuɗɗa biyu ne za a kiyaye. Na farko, kada a kai lambobin ga sinadarai masu ɗaurin miƙawa, inda wata ƙwaya ke sallama ilektoron ga wata. CaCl₂ ba ya ɗaukar "di-" a sunansa, domin cajin ƙwayoyin ya riga ya yanke adadin. Na biyu, a bar wa ruwa sunansa, kamar yadda masana kimiyya suka bar masa a harsunansu.

5.0 Kammalawa

An ga cewa siffantawa na ɓatar da bambanci, aro na ɓoye ƙira, fassarar ƙira kuwa na bukatar gyaran nahawu. Abin da ya fi dacewa shi ne littafin makaranta ya jera uku: alamar sinadari, da sunan aro, da harɗaɗɗen sunan Hausa. Aikin kuma na haɗin gwiwa ne tsakanin masanin harshe da masanin kimiyya, domin kowannensu rabin ƙa'idar ke hannunsa. Ya kamata masu nazarin Yarbanci da Ibo, waɗanda su ma lamba ke bin suna a harsunansu, su gwada wannan ma'auni a kan nasu kalmomin.