Shiru a Matsayin Salo: Habaici a Waƙoƙin Narambaɗa

Manazarta waƙar baka sun daɗe suna yaba azancin Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Shinkafi, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu. Sai dai ba kasafai ake lura da abin da ya ƙi faɗa ba. Idan muka dubi habaicinsa, za mu ga yakan siffanta abokin hamayyar Sarki da wata dabba ko wata tawaya, amma ya kame bakinsa daga ambaton suna. A fadoji irin na Isa da Zurmi da Ƙauran Namoda, masu neman sarauta 'yan gida ɗaya ne. Kama suna yana iya raba zumunci, kuma wanda aka zamba yau yana iya hawa karaga gobe. Shirun nan shi ke ba mai sauraro aikin warware ƙulli, ya kuma bar wa wanda aka soka ƙofar kare mutuncinsa.

Saboda haka akwai gyara ga ɗalibin da ke cike kundinsa da sunayen waɗanda aka yi wa habaici. Jikokinsu suna raye, kuma magana zarar bunu ce. Abin da makaɗi ya rufe da gangan wani sashe ne na waƙar.