Jinsin "Kalma" da Ma'anar "Zama": Sharhi a Kan Fassarar Littafi Mai Tsarki

1.0 Gabatarwa

Tun zamanin Turawa mishan ta SIM ta kafa tasha da makaranta a Roni, cikin masarautar Kazaure. Kiristocin da ake samu a wannan yanki, daga Roni da Gwiwa har zuwa Babura, da Hausa suke karatu, da ita suke wa'azi. Saboda haka abin da mafassari ya zaɓa shi ne abin da mai ibada zai riƙe, shi ne kuma abin da maƙwabcinsa Musulmi zai ji. Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda fassara ta ɗauki aƙidar da taron Kalsidon ya tsayar a shekarar 451, wato cewa Almasihu ɗaya ne, cikakke a allahntaka, cikakke a 'yan'adamtaka, ba gauraya, ba sauyawa, ba rabuwa. Nazarin harshe muka sa gaba, hukuncin aƙidar kuwa na masu ita ne.

2.0 Jinsin "Kalma"

A farkon Linjilar Yahaya an kira Almasihu da lafazin Girkanci logos, wanda namiji ne. Takwararsa ta Hausa, "kalma", tamata ce, domin "kalmar nan ta fito" muke cewa. Amma fassarar 1979 ta Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya ta ɗafa mata -n a maimakon -r, ta kuma ba ta lamirin suna na namiji. Ɗalibin nahawu zai ce kuskure ne. A ganinmu dabara ce, gama da an bi ƙa'ida, da Bahaushe ya ɗauka furuci ake nufi, alhali mai rai ake nufi. Abin lura, a Suratu Ali Imrana, aya ta 45, inda aka yi bushara da Annabi Isa a matsayin kalma daga Allah, wakilin sunan da ya biyo baya na namiji ne, ko da yake fahimtar Musulmi game da ayar daban take ƙwarai.

3.0 "Jiki" ko "Mutum"

Aya ta 14 ta fi wuya. Asalin lafazin shi ne sarks, wato tsoka. Tsohuwar fassara ta 1932, wadda Likita Walter Miller na Zariya ya yi wa aiki mai yawa, ta zaɓi "jiki". Ta 1979 ta zaɓi "mutum". Kowanne da illarsa. Bahaushe yakan bambanta jiki da rai, don haka "jiki" na iya sa a zaci allahntaka ta sanya gangar jiki kamar riga, babu hankali irin na ɗan Adam. Wannan kuwa shi ne ra'ayin Afolinariyus, wanda taron Kustantiniya ya ƙi a 381. "Mutum" ya toshe wannan ɓaraka, sai dai ya bar nauyi a kan aikatau "zama". Idan muka ce itace ya zama gawayi, to itace ya ƙare ke nan. Mai sauraro yana iya fahimtar cewa allahntaka ta juye, abin da Kalsidon ta hana. Amma muna kuma cewa malami ya zama alƙali, bai kuwa daina malanta ba. Wannan ma'ana ta biyu ake bukata, sai dai jimlar ba ta tilasta ta.

4.0 Kammalawa

Mun fifita "mutum" a kan "jiki", mun kuma yarda da saɓa wa jinsin "kalma". Abin da ya rage shi ne gargaɗi ga masu rubuta littattafan koyarwa. Kiristocin Larabawa masu bin Kalsidon suna cewa ɗabi'a biyu, amma "ɗabi'a" da "hali" a Hausa sun koma ga tarbiyya, kuma mai hali biyu ba abin yabo ba ne. Ya fi kyau a ambaci allahntaka da 'yan'adamtaka kai tsaye, a bar neman kalma guda da za ta haɗa su.