Kunnen da Ke Riƙe da Taro

A duk wani babban taro a Kano, na mawaƙa ne a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ko gangamin 'yan siyasa, akwai wani mutum da ke zaune gaban teburi mai cike da maɓallai. Ba a yi masa liƙi, sanƙira ma ba ya ambaton sunansa. Sai ranar da lasifika ta ƙwala ƙara kowa zai waiwayo yana harararsa. Shi ne mai haɗa sauti, yaransa na ce masa injiniya. In ka tsaya a ƙarshen fili ka ji muryar mawaƙi tar, aikinsa ne ya iso kunnenka.

Matsalar da yake kokawa da ita ta daɗe. A watan Agustan 1965 mawaƙan Ingila, The Beatles, sun yi wasa a filin Shea na birnin New York gaban mutum sama da 55,000, ihun jama'a ya danne kayan sautinsu har su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa. Shekara guda bayan haka suka daina yawon wasa. A 1974 wata ƙungiyar kiɗan rok ta Amurka, Grateful Dead, ta ƙera nata kayan: sifika kusan 600 aka jera kamar katanga a bayan makaɗa. Sautin ya yi daɗi, amma nauyi da kuɗin jigila suka sa ba su yi cikakkiyar shekara da shi ba. Sai a farkon shekarun 1990 Bafaranshe Christian Heil, masanin kimiyyar fiziks da ya kafa kamfanin L-Acoustics a 1984, ya fito da V-DOSC. Shi ne asalin jerin akwatunan nan da ake ratayewa ɗaya ƙarƙashin ɗaya a gefen dandamali, ƙasansu ya ɗan lanƙwasa baya.

Hikimar abin ga ta. Sifika guda tamkar aci-balbal ce, tana watsa abin da ta samu ko'ina, har saman da babu kowa. Jerin ratayen kuwa tocila ne, inda aka haska nan yake zuwa. Daga sifika guda, duk lokacin da ka ninka nisanka sauti na raguwa da desibel 6. Daga dogon jeri, zuwa wani iyakacin nisa, ragin bai wuce kusan 3 ba. Akwatunan sama ana haɗe su kusan a miƙe don su jefa sauti ga na can baya, na ƙasa a buɗa tsakaninsu su kalli na gaba. Ta haka ba sai an kurmantar da manyan baƙi kafin na bakin ƙofa su ji ba.

To amma ɗora akwati kan akwati ba shi ne jeri ba, kuma a nan ake bambance maƙerin gaske da mai kwaikwayon hoto. Kaurin sauti mai bugu 100 a daƙiƙa, tsawon igiyarsa kusan mita uku da rabi ne, don haka sifikoki maƙwabta suna haɗuwa su zama baki ɗaya ba wahala. Siririn sauti mai bugu 10,000 kuwa igiyarsa ba ta kai santimita huɗu ba. In bakin da yake fitowa bai yi daidai da na akwatin da ke ƙasa ba, sai su riƙa kashe juna: ka taka nan ka ji murya, ka matsa taku biyu ta dusashe. Shi ya sa mai wayo yakan sayo ƙahon da siririn sauti ke fitowa ta cikinsa daga waje, sauran aikin ya yi a gida.

Sauran aikin kuwa Kano na da hannunsa. Unguwannin masana'antu irin su Bompai, wadda ta fi daɗewa, da Sharaɗa da Chalawa mai masana'antun jima, sun shafe shekaru suna horar da masu walda da masu naɗin wayar inji da masu gyaran janareta. Masana'antu da yawa sun rufe tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da taɓarɓarewar wuta, amma sana'ar ba ta bi su ba. Wanda ya iya naɗa wayar jan ƙarfe a injin masaƙa ba zai rasa yadda zai yi da sifikar da ta ƙone ba. Katako na nan a Na'ibawa, ƙarfe na Ƙofar Ruwa. Kafinta zai yanka akwati a kan awo, domin girman cikinsa da faɗin ramin da iska ke fita su ke yanke irin kaurin da zai bayar, ya kuma tokare shi ta ciki kada ya yi rawa. Mai walda ne ke ɗauke da amana mafi nauyi. Akwati takwas na iya haura kilo 300, kuma a saman kawunan bayin Allah za su yi reto.

Sai wuta. Babu injiniyan da zai jingina taro da wutar gari. Janareta ne, kuma nan ma ilimin masana'anta ke aiki: a raba nauyi daidai kan layuka uku na injin, a ware layin fitilu daga na sauti, a kafa ƙarfe a ƙasa. Wanda ya yi sakaci zai ji wani gurnani a ƙarƙashin waƙa tun daga farko har ƙarshe, bugun wutar ne mai 50 a daƙiƙa ya kutso cikin wayoyi.

Duk wannan shimfiɗa ce. Gwanintar tana kan miksa, inda kowane makirfo ke da layinsa. Injiniya zai fara da daidaita ƙarfin shigowar kowanne, kada ya yi ƙasa har iska ta biyo shi, kada ya yi sama ya fashe. Daga nan ya raba wa kowa gurbi: ya rage kauri daga murya ya bar wa ganga, ya sassauta fiyano a daidai inda murya ke zaune. A kiɗan rok, ganga da jita ne a gaba, sau da yawa murya na iyo ne a tsakaninsu. Masu jitar Agadas irin su Bombino da Mdou Moctar, waɗanda suka kai kiɗan Abzin har Turai da Amurka, jitarsu ce ke jan ragama. Bahaushe kuwa magana ya zo ji. In Aminu Ala ko Naziru Sarkin Waƙa ya jero baiti, ko ya ambaci sunan wanda ake yi wa taro, aka rasa harafi ɗaya, an yi asara. Kalangu ma magana yake yi, ba a yarda a mayar da shi dukan fata kawai ba. Ni a ganina haɗa wa mawaƙin Hausa sauti ya fi wuya, ko da yake mu ne kuma muka fi ɓata shi da amsa-kuwwar da muke cika wa murya har kalma ta hau kan 'yar'uwarta.

Ana cikin haka mawaƙi zai ɗago hannu: "Injiniya, ƙaro min, ba na jin kaina." Ƙarin nan shi ke haifar da ƙarar da ke tsinka kunne, domin makirfo ya ɗauki abin da sifika ta fitar ya sake mayar mata. Ɗan koyo zai rage komai gaba ɗaya. Gwani kuwa da jin ƙarar ya san a wane gurbi take, ya yanke ta ita kaɗai, waƙa ba ta tsaya ba.

Yanayi ma yana da ta cewa. Busasshiyar iskar hunturu tana shanye siririn sauti kafin ya yi nisa. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa in zafi na kan digiri 20, amma a zafin Afrilu mai digiri 40 yakan kai 355. Sifikar taimako da aka kafa mita 34 daga dandamali dole a jinkirta ta da kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, in ba haka ba kalma ɗaya ta zo wa mutum sau biyu. Awon da aka yi da la'asar sai an sake taɓa shi bayan isha'i. In kuwa a rufaffen sito ne mai kwano a sama da siminti a ƙasa, irin waɗanda suka cika Sharaɗa, dabarar ita ce a sunkuyar da jerin ya kalli mutane, a hana shi taɓa rufi.

Abin da nake ƙorafi a kai shi ne masu taro da ke auna gwaninta da ƙarfin ƙara. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicin sautin wurin wasa ya wuce desibel 100, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Don Allah, ku masu shirya biki da gangami, ku ba injiniya wuri a tsakiyar jama'a inda zai ji abin da suke ji, ba a kusurwar bayan dandamali ba. Ku ba shi lokacin gwaji kafin baƙi su iso. In kuma ya ce ƙarar ta isa haka, ku ƙyale shi.