Jinjina ga Masu Kula da Filin Wasa na Surulere

Filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas, wanda aka gina a shekarar 1972 gabanin Wasannin Afirka na 1973, shi ne dandalin da Najeriya ta fara ɗaukar Kofin Nahiyar Afirka a ranar 22 ga Maris 1980, lokacin da ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema, inda Segun Odegbami ya zura biyu, Muda Lawal ya ƙara ɗaya. Tarihi ya riƙe sunayen 'yan wasan, amma ya tsallake masu kula da fili, wato ma'aikatan da ke yi wa ciyawa ban-ruwa tun da asuba, su aske ta daidai, su cike guraben da ƙusoshin takalma suka ƙwaƙule, sannan su miƙa igiya kafin su ja fararen layuka domin kada layi ya karkace. Darajar aikinsu ta bayyana ƙarara bayan buɗe filin Abuja a 2003, domin da manyan wasanni suka ƙaura, filin Surulere ya shafe shekaru a yashe. Ya kamata hukumomin wasanni su tanadar wa waɗannan ma'aikata horo da kayan aiki da albashi mai kyau.